Motar Baba Ta Daina Tari

Duk wanda ya zauna a Gobarau ya san tarin motarmu. Tun daga kwanar masallaci ake jiyo ta, kas-kas-kas, sai ta ɗan sarƙe kamar za ta mutu, ta saki baƙin hayaƙi, sannan ta ƙarasa ƙofar gida da kyar. Matan unguwa da ita suke sanin la'asar ta yi sanyi. Ni kuwa da nake cikinta kunya ce ke kashe ni, don malamin makaranta ne ni a Batagarawa, kuma ɗalibai sun sa mata suna Mai Ciwon Asma.

Motar ta Baba ce, Alhaji Yari direba. Ya sayo ta daga Kwatano tun kafin a haife ni, ya yi haya da ita har idonsa ya fara rufewa. Da ganin nasa ya tafi gaba ɗaya, sai ya ajiye makullin a kan tabarma, ya juya wajen matata Sumayya ya ce, "A hwaɗa ma mai zuwa makaranta ya riƙa hawa. Amma kada a sayar da ita ina da rai, ko ƙusa ɗaya." Ina zaune a gabansa ya yi wannan magana. Ni ɗan fari ne, kuma Baba mutumin da ne, tun da na yi wayo ban taɓa jin Lawal ya fito daga bakinsa ba. Sai dai "wancan," ko "mai zuwa makaranta." Ko albarka zai sa mini, motar yake sa wa. Kullum da safe in na tada ta, yana zaune a dakali zai ce, "Allah ya kiyaye hanya, Allah ya yi albarka." Na san rabona ne, na kuma saba karɓarsa a haka.

Baba yana da nasa ilimin a kan baƙin mai. A wurinsa mai ba ya tsufa, ƙarewa yake yi. Saboda haka bai yarda da juye ba, sai ciko. In ya ragu a sayo kwalba a bakin titi a ƙara. Ni ma haka na gada, har ranar da motar ta ƙi hawa ɗan tudun da ko jaki ba ya kulawa da shi, na tura ta garejin Mamman makanike ina zufa ina masifa.

Mamman ya buɗe murfin inji, ya sa yatsa, ya lakato wani abu baƙi ƙirin mai kauri kamar kwalta.

"Malam Lawal, yaushe rabonka da juye?"

Na ce, "Ciko dai muke yi."

Ya dube ni, ya dubi yatsansa, ya yi salati. Sannan ya shiga shago ya fito da wani galan. Ya ce wannan mai na tsofaffin motoci ne da suka sha tafiya, yana aiki yana wanke cikin inji a hankali, yana narkar da dattin da ya daskare. Ya ce kada in tsorata in na ga ya yi baƙi da wuri, dauɗar ce yake kwasowa, in dawo a sake juyewa. Na ce to, ai wankin ciki ke nan. Ya ce kusan haka.

Aka juye tsohon, aka canza filta, aka zuba sabon. Bayan 'yan makonni na koma aka sake. A hankali hayaƙin ya ragu, sarƙewar ta tafi, kas-kas ɗin ya riƙa ja da baya. Baba ya ɗan yi ƙorafi sau ɗaya cewa muryarta ta shaƙe, na ce sanyi ne. Ban gaya masa an yi juye ba, don na san lacca zan sha. Bayan juye na biyu kuwa, wata ranar Laraba na taso daga Batagarawa, mota tana tafiya sumul, ina jin har ƙarar tayoyi a kan kwalta. Wallahi daɗi ya cika ni. Na riƙa tsara yadda Baba zai yi murmushi ya juya wajen Sumayya ya ce wancan ya yi ƙoƙari.

Na faka a ƙofar gida, na fito, na yi sallama. Baba ya zabura har sandarsa ta faɗi.

"Da ƙahwa aka dawo?"

"A'a Baba, da mota."

"Wace mota?"

"Motarka mana. Ga ta nan gabanka."

Can ya ce, "A tada ta."

Na shiga na murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Na leƙo ta taga ina jiran yabo. Baba ya karkata kunne, ya daɗe a haka. Ya miƙe, ya lalubo bonet, ya ɗora tafin hannu. Ya zagaya baya ya sunkuya wajen salansa ya shinshina. Ya shafa ƙofar da ta lotsa, ya taɓa madubin da aka ɗaure da waya. Sannan ya koma dakali ya kira Sumayya.

"Ɗiyata, jikin nata ne. Amma an cire injin an sayar, an sa wani."

Na ce, "Baba, wane inji? Mai kawai aka canza!"

Bai juyo ba. Ya ci gaba da magana da Sumayya kamar iska ce ta wuce. "Na yi shekaru cikin tasha, ba abin da ban gani ba. Tsohon inji irin wanga 'yan gwangwan na biɗarshi ido ruhe. Na ce ko ƙusa. An ga ba ni gani."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta sare ni. Raina ya ɓaci, kaina kuma ya ɗaure. Na gyara mota, an ce na sayar. Na rantse, na sake rantsewa, na ce ga lambar inji nan a jiki, sai na tuna wanda nake gaya wa ba zai iya karanta ta ba.

Washegari da safe na tada mota, na jira. Dakali wayam. Baba yana zaure da carbinsa, na gaishe shi ya amsa a taƙaice kamar baƙo ne ya zo tambayar hanya. Babu Allah ya kiyaye, babu albarka. Haka na tuƙa har Batagarawa, na shiga aji na rubuta darasin jiya a allo sai da ɗalibai suka gaya mini. Ranar Juma'a na ce ya zo mu tafi masallaci, ya ce wa Sumayya shi ba ya shiga motar mutane, a kira masa mai Keke.

Na ɗauko Mamman takanas na kawo shi gida. Ya durƙusa, suka gaisa da Baba, aka tambayi iyali, aka tambayi aiki, aka tambayi gajiya, aka koma kan iyali. Sannan Mamman ya yi bayani tiryan-tiryan: datti ne ya toshe hanyoyin da mai ke bi, ƙarfe na bugun ƙarfe, shi ne ƙarar, sabon mai ya wanke, ƙara ta tafi.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Mamman, mai wanki shikai? Sabulu ne?"

"Kusan haka, Alhaji. Akwai sinadari a ciki."

"To ina dattin ya tahi?"

"Ya bi tsohon man, mun juye."

"Kun juye." Baba ya gyaɗa kai. "Ka ga wanda ya cire, ka ga wanda ya sa shi. Allah ya ba ka kasuwa, Mamman."

Mamman ya fito yana share goshi. A ƙofar gida ya ce mini, "Malam, ni tun da nake ba a taɓa tuhumata don mota ta yi lahiya ba."

Kwanaki suka yi ta tafiya gidan ba daɗi. Sumayya ta zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke kwana a gida ɗaya. Baba ya daina fita dakali sam, ya rage cin abinci, rediyonsa ma ya daina kunnawa. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Da tsawa ya yi mini, da na fi samun sauƙi. Amma a ce mahaifinka yana zaune yana ganin ka cuce shi don ya makance, wannan ba ya barin mutum ya ci tuwo.

Ranar Asabar na koma gareji na ce wa Mamman, "Ka mayar mata da tarinta."

Ya ajiye sifana. "In yi mi?"

"Ƙarar nan. Kas-kas ɗin. Ka mayar."

"Malam Lawal, lahiya kake?"

"Ina tsohon man da ka juye? A mayar da shi ciki."

Ya ce ai ya ba Audu kafinta, shi ke kwasar tsohon mai yana shafa wa katako don gara. Kada ka so ka ga malamin makaranta da hula da agogo yana ratsa lungu yana neman dattin motar ubansa. Na sami Audu a kan wani gini yana kafa rufi. Na ɗaga kai na yi masa bayani, ya sa na maimaita, sannan ya nuna mini katakan da ke saman kansa, duk sun sha baƙin mai suna ƙyalli.

"Ga shi nan, Malam. In za ka kankare, bismillah."

Ma'aikatan ginin suka kwashe da dariya. Na juyo ban ko yi sallama ba.

Da Mamman ya ga na nace, sai ya ce bari ya sassauta wani abu a salansa, wataƙila ta yi ɗan kuka. Ta yi kuka kuwa. Na shigo unguwa kamar jirgi zai sauka, kaji na watsewa, mata na leƙe. Na faka ina addu'a. Daga cikin zaure na ji muryar Baba, ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, yau kuma injin markaɗe aka kawo mana? A hwaɗa mashi ido na rasa, ba kunne ba."

Garin gyaran doro na karya baya. Da can ana zargina da sayarwa, yanzu an ƙara da yaudara, kuma wannan karon da gaskiyarsa. Na mayar da mota aka ɗaure salansa, na dawo da ita shiru kamar yadda ta saba kwanan nan.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata safiya Sumayya tana shara ta kira ni ta nuna mini ƙasa. Inda motar ke kwana akwai baƙin tabo kamar faɗin faifai. Na leƙa ƙarƙashi, na ga mai yana taruwa yana ɗiga, ɗis, ɗis. Motar da ba ta taɓa yoyo ba! Nan fa na hau sama. Na kira Mamman a waya, a tsaye a bakin zaure, na manta wanda ke ciki. Na ce man nan nasa ya raba ni da ubana, yanzu kuma ya huda mini inji. Mamman yana ta cewa in tsaya, wani lokacin dattin ne ke toshe tsohon tsagu, in an wanke sai ya bayyana. Na ce ni ban san wannan ba, mota dai tana zubar da mai ta ƙasa.

"Ta ina?"

Na waiga. Baba ne tsaye a ƙofar zaure, riƙe da bango. Kuma ba Sumayya ya tambaya ba.

Na ce, "Ta ƙasa, Baba. Daga kaskon da mai ke taruwa."

"Gaba ko baya?"

"Wajen gaba."

"Gehen direba?"

Na sake leƙawa. "E, gefen direba."

Ya ce a kawo tabarma. Na ce Baba ƙasa da datti, ya ce a kawo tabarma. Sumayya ta shimfiɗa a gindin tayar gaba. Tsohon nan ya tuɓe hula, ya naɗe hannun riga, ya kwanta rigingine, ya tura kafaɗa ƙarƙashin mota kamar jiya ya bar tasha. Ina tsugune ina kallon hannunsa yana bin ƙarfen a hankali, yana wuce ƙusoshi, yana komowa. Sai yatsunsa suka tsaya a kan wani ɗan tudu mai kama da tabon ƙuna. Ya shafa shi daga wannan baki zuwa wancan. Mai ya gangaro ta yatsunsa har gwiwar hannu, bai janye ba.

Ya daɗe a ƙarƙashin nan, har na fara tsoro. Da ya fito, ya zauna a kan tabarma, hannu baƙi ƙirin, fuskarsa ta canza. Ya juya inda yake jin numfashin Sumayya.

"Ɗiyata, kin san wanga tabo? Marigayiya Hajo ta tahi goyon ciki gidansu, can bayan Batagarawa. Damina ce. Aka aiko haihuwa ta zo da gardama. Na ɗauko ta, ruwa ya cinye hanya, ban ga wani dutse da ke ciki ba. Na ji shi har cikin haƙorina. Mai na zuba, ita tana salati a baya, ban tsaya ba sai ƙohwar asibiti." Ya goge hannu a gefen tabarma. "Washegari na kai aka yi walda. Mai waldar ya ce bai kama sosai ba, za ta riƙa ɗiga. Ta ɗiga wata biyu, ta daina don kanta. Ban taɓa sanin mi ya toshe ta ba sai yau."

Sumayya ta ce, "Baba, wa aka haifa?"

Ta sani sarai, neman magana ne irin nata. Baba ya yi kamar bai ji ba. Hajo mahaifiyata ce, kuma ban taɓa jin wannan labari ba, ko daga bakinta.

Ya ce, "A tada ta."

Na tada. Ya saurara, kansa a sunkuye. Wannan karon bai shinshina salansa ba.

"Haka take ranar da na ɗauko ta daga Kwatano," in ji shi. "Na manta."

Ban san abin da nake jira ba. Haƙuri dai ba zai ba ni ba, uba ba ya ba ɗan fari haƙuri a gaban suruka, ni ma da ya fara da na gudu. Na kashe mota na fito, zuciyata fes, ina cewa a raina shi ke nan, an wanke ni. Na kama hannunsa na tashe shi, na kai shi dakali. Ya zauna yana juya hularsa. Maimakon in ga sauƙi a fuskarsa, sai na ga wata damuwar ta daban, har kaina ya sake ɗaurewa. Motar ce, injin ne, to saura me?

Can ya ce, ba da ni ba, ba kuma da Sumayya ba, "To yanzu da mi za a san ta dawo?"

Na ce, "Baba, ai in na dawo zan yi sallama."

Ya sa hularsa ya nemi sandarsa.

A tsakar gida Sumayya ta tare ni, ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Kai dai malami ne a makaranta kawai. Kana tsammani iska yake sha a dakalin nan? Da an yi la'asar yake fita, ya rage rediyo, ya hana ni daka. Hanyar nan da kake bi kullum, kana ganin hankalinsa kwance yake? Da ya jiyo ta daga kwanar masallaci zai ce alhamdu lillahi, a ɗora ruwa, sannan ya ƙara rediyo ya haɗe rai kafin ka iso. Tun da aka kawo ni gidan nan haka yake yi."

Na tsaya riƙe da makulli kamar wawa. Shekara da shekaru ina jin kunyar tarin nan, ina zagin sa a zuci tun daga Batagarawa har gida, ashe shi ke riga ni isowa yana gaya wa tsoho ɗansa ya dawo lafiya. Kuka ya zo mini, na shige ɗaki don kada Sumayya ta samu abin tsokana.

Na kai wa Mamman mota ya sauke kaskon, na tsaya a kansa na ce a toshe ta ciki, tabon waje kada a taɓa shi. Bai ma tambayi dalili ba, ya riga ya sallama mini.

Ranar Litinin da yamma na taso daga makaranta. Da na kawo kwanar masallaci, mota shiru kamar ɓarauniya, sai na danna hon. Na saki, na sake dannawa, na kuma ja shi da tsawo har mai shayi ya ɗago yana zagi. Na karyo kwana a hankali. Baba yana dakali, rediyo na tashi da ƙarfi, fuska a murtuke.

Na yi sallama, ya amsa. Ya juya wajen ƙofa ya ɗaga murya.

"Ɗiyata, a hwaɗa ma wancan ya cika damun unguwa da hon."

Na ce, "To Baba, za a daina."

Ya yi saurin cewa, "Ban ce a daina ba."

Sumayya ta leƙo ta ce ruwa ya riga ya yi zafi.